Suturar Jariri Sabon Haihuwa, Da da Yanzu

Wannan darasi dominki ne ke mai ciki, da kai maigidanta, da ke kaka ko ungozoma da za ki karɓi haihuwa. In akwai wanda bai iya karatu ba a cikinku, a karanta masa da ƙarfi, a tsakar gida ko a wurin taron mata.

A ƙasarmu kayan jariri sukan zo ranar suna. Ran nan ne dangin uba da na uwa suke shigowa da ƴan riguna, da huluna, da sabulu, da turmin atamfa, da babban bargo a cikin jakarsa ta leda. Wannan al'ada ce mai kyau, ba mai hana ta. Amma kafin ranar suna akwai kwana bakwai, kuma babu wasu kwanaki a rayuwar yaro da suka kai waɗannan hatsari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga cewa a shekarar 2022 jarirai wajen miliyan 2 da dubu 300 suka mutu a duniya kafin su cika kwana 28. Cikin kowane huɗu da suka mutu, uku a makon farko suka tafi, wato tun ba a raɗa musu suna ba. Sanyi yana cikin abubuwan da ke taimakon wannan mutuwa. Saboda haka suturar da jariri ya fi bukata ita ce wadda za a rufa masa a sa'ar da ya faɗo.

Me ya sa jariri ke jin sanyi a ƙasar zafi?

Mutane da yawa suna mamakin wannan. Sukan ce, mu da muke gumi, ina jariri zai samo sanyi? Ku dubi tulun ƙasa. Ruwan cikinsa yana sanyi ko da rana tana ƙuna, domin jikin tulun a jiƙe yake, iska kuwa tana busar da shi tana kwashe zafin. Haka jariri yake. Ya fito daga cikin uwarsa inda ɗumi ya kai digiri 37, ya fito tsirara, jiƙe sharkaf. In an ajiye shi ba a goge shi ba, cikin minti 10 zuwa 20 zafin jikinsa yana iya sauka da digiri 2 har zuwa 4.

Babban mutum in ya ji sanyi sai ya yi makyarkyata, ya tashi ya jawo mayafi. Jariri ba ya iya ko ɗaya. Abin da jikinsa ke yi shi ne ya ƙona ɗan kitse da sukarin da ya zo da su don ya sami ɗumi. Idan sun ƙare sai ya yi laushi, ya ƙi kama nono, kukansa ya yi ƙasa. Rashin shan nono kuma ya ƙara masa sanyi. A haka kowace cuta da ta zo za ta same shi ba ƙarfi. Kansa ma babba ne in an gwada da jikinsa, kuma ta nan zafi mai yawa yake fita.

Wanda abin ya fi kamawa shi ne bakwaini, da tagwaye, da duk jaririn da bai kai kilo 2 da rabi ba. Lokacin da ya fi muni kuwa shi ne dari, watannin Disamba da Janairu, sa'ad da sanyin asuba a Tawa da Maraɗi da Damagaram yakan sauka ƙasa da digiri 15. Amma ko a daren damina bayan an ɗauke ruwa, jariri yana yin sanyi.

Yadda kakanninmu suka yi

A da, tufa aiki ne mai tsawo. A noma kaɗa, mata su gurje ta su fitar da angurya, su shiɓe ta, su kaɗa zare da mazari. Masaƙi ya saƙa ƙyalle siriri mai faɗin tafin hannu, sa'an nan a ɗinke ƙyallayen gefe da gefe su zama zane ko gwado. Sabon saƙi yana da kauri da kaushi, ba ya dacewa da fatar jariri, kuma tsofaffi sun san haka. Abin da suke nema shi ne tsohon zanen uwa ko na kaka wanda ya sha wanki har ya yi laushi. Shi ake yagawa a naɗe yaro. Ba a ɗinka masa riga sai ya yi wayo. Yana kwana a jikin uwarsa, a ɗaki mai wuta, ba a yawo da shi sai an yi arba'in.

Kada ku raina wannan. Da tsohuwar zuma ake magani. Tsohon zanen kaɗa yana shan ruwa fiye da sabo, ba shi da sitati ko rinin da zai zuba a fata, iska kuma tana ratsa shi. Har yau babu abin da ya fi shi wajen goge jariri, muddin yana da tsabta.

Wajen tsabtar ne aka yi ta hasara. Sau da yawa ba a tanadi tsumman ba, sai naƙuda ta taso a jawo wanda ke kusa, ko na ƙarƙashin gado ne. Da irin wannan tsumma ake ɗaure cibiya, ƙwayar cuta ta shiga ta wurin, bayan ƴan kwanaki yaro ya sandare ya kasa buɗe baki. Wannan shi ne ciwon sarƙe haƙora, wato tetanos, wanda ake yi wa masu ciki allurarsa a wurin awo. Wata hasarar kuma ita ce a bar jariri a gefe a kan ƙasa, kowa ya koma kan uwa ana jiran mabiyiya ta faɗo, daga nan a ɗauke shi kai tsaye zuwa wanka. Waɗannan abubuwa biyu ba su ƙare ba, har yanzu ana yinsu a gidaje da yawa.

Yadin falanel

Kun san wannan yadi ko da ba ku san sunansa ba. Shi ne mai laushin nan mai ɗan gashi-gashi a fuska, wanda ake naɗe jarirai da shi a matanite, sau da yawa da zanen ƴan furanni ko ratsi. Asalinsa daga ƙasar Wales ne, a Birtaniya, inda aka daɗe ana saƙa shi da gashin tumaki. A ƙarni na 19 masaƙun Ingila suka shiga yin irinsa da kaɗa, ya yi arha, talakawa suka samu suna ɗinka wa ƴaƴansu rigunan barci. Na kaɗar nan ne ya fi yawa a kasuwanninmu yau, sabo a kanti ko a cikin gwanjo, wanda wasu ke kira bosho.

Sirrinsa yana cikin gashin. Bayan an saƙa yadin, sai inji ya karce fuskarsa da ƙananan wayoyi har zaren ya tashi. Iska tana maƙalewa a tsakanin gashin, ita ce ke tsare ɗumin jiki kada ya fita, kamar yadda kaza ke buɗa gashinta da sanyin safiya. Shi ya sa falanel ba shi da nauyi amma yana da ɗumi. Yana shan fitsari da gumi, yana bushewa da wuri, yana kuma jure wanki. Mita ɗaya a tsawo da mita ɗaya a faɗi ya isa naɗe jariri. Ku wanke shi kafin tela ya kalmashe bakinsa, gama yakan ɗan tsuke a wankin farko.

Sai dai yana da aibi guda babba: yana kama wuta da sauri. Iskar nan da ke cikin gashinsa ita ce ke ciyar da harshen wuta, tartsatsi ɗaya ya isa. A Ingila yara da yawa sun ƙone a cikin rigunan falanel a bakin murhu, har a shekarar 1908 aka yi doka mai hukunta babban da ya bar ƙaramin yaro kusa da wutar da ba a kange ba, in yaron ya ƙone. Mu kuwa ɗakin mai jego ba ya rabuwa da wuta. Kada ku shanya falanel a kan kasko don ya yi ɗumi, kada ku kwantar da jaririn da ke naɗe a ciki kusa da garwashi ko fitilar kananzir. In kun sa kasko a ɗaki, ku bar ƙofa ko taga a ɗan buɗe, domin gawayi yana fitar da wata iska marar wari mai kashe mutum a cikin barci.

Bargon kanti

Yanzu kowace mai jego tana son babban bargon nan mai santsi, mai hoton dabbobi, wani ma har da hularsa a kusurwa. Yana da kyan gani a ranar suna. Amma yawancinsu ba kaɗa ba ne, zaren roba ne, danginsu ɗaya da leda. Ba sa shan ruwa. In jariri ya yi fitsari ko gumi, danshin yana nan kwance a fatarsa. In wuta ta taɓa su kuwa, narkewa suke yi su manne a jiki, ƙunar ta fi ta kaɗa zurfi.

Ga yadda za ku gane. In akwai ƴar takarda a bakin yadin, ku sa mai karatu ya duba ko an rubuta 100% coton. In babu, ku zare zare ɗaya daga gefe, ku fita waje ku kusa shi da ashana. Kaɗa tana ci kamar takarda, ta bar toka mai laushi. Roba tana nannaɗewa ta narke, ta bar ɗan dunƙule baƙi mai tauri.

Ba mu ce ku jefar da bargon da aka kawo muku ba. A cikin dari yana da amfani, amma a sama, bayan an fara sa wa yaro tufar kaɗa a jiki. A bazara kuwa, watannin Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40, ku ninke shi ku ajiye. Ana kawo jarirai asibiti a wannan lokaci jikinsu rau da zafi, fata duk ƙuraje, bakinsu a bushe, a warware bargo uku da rigar sanyi kafin a kai ga yaron. Wani in an cire kayan aka ba shi nono, cikin sa'a guda sai zafin ya sauka. Yawan rufi ma cuta ne. Ƙa'idar mai sauƙi ce: ki dubi abin da ke jikinki wanda ya ishe ki a wannan ɗaki, ki ƙara wa jariri ɗaya ko biyu a kai. In yana jin ƙishi, nono ne maganinsa, kada a ba shi ruwa.

Ko wane bargo ne, kada ya rufe fuska. Jariri ba ya iya ture shi. A kwantar da shi rigingine, mayafi ya tsaya a ƙirji, a cikin gidan sauro. Kuma kada a ɗaure shi tamau kamar dami. Naɗi mai tsanani yana hana ƙirji buɗewa, yana matse iskar da ke ba da ɗumi, yana kuma cutar da ƙugu in an miƙe ƙafafu an haɗe su. A bar wurin da zai tanƙwara gwiwa.

Kafur a cikin akwati

Ku saurari wannan da kyau, gama mutane kaɗan ne suka sani. Mata da yawa suna ajiye kayan jariri a akwati tare da ƴan fararen ƙwallayen kafur don kyankyaso da ƙwari. Guban kafur yana kama tufa, ya shiga jikin jariri ta fata da numfashi. A Afirka ta Yamma akwai yara da yawa, musamman maza, da aka haifa da wani rauni a jini wanda ba a gani da ido. In kafur ya taɓa irin wannan yaro, ƙwayoyin jininsa sai su farfashe, idonsa da fatarsa su yi ɗorawa, wato shawara. Shawara mai tsanani a makon farko tana taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ya tashi kurma ko jikinsa ya shanye, wani kuma ya mutu. Ba ku da hanyar sanin ko ɗanku yana cikinsu. Don haka kafur kada ya kusanci kayan jariri ko kaɗan. In kaya sun riga sun kwana da shi, wanki ɗaya ba ya isa. A yi ta wankewa ana shanyawa a rana har warin ya fita sarai. Turare da man shafawa mai yaji irin na mura su ma a nisantar da su.

Abin da za ku tanada, da lokacinsa

Mun san akwai kunya, musamman a cikin fari. Yarinya ba ta son a ga tana tara kayan jariri, wasu kuma suna tsoron kada a ce sun riga Allah. To, ba lalle ne mai cikin ta yi da kanta ba. Ke uwarta, ko ke uwar miji, ko ke ƙawarta, wannan aikinki ne. Kai maigida kuma kuɗin da za ka kashe bai kai na ƙafar ragon suna ba. Tun ciki yana wata bakwai a gama shiri, domin bakwaini ba ya sallama.

A nemi tsofaffin zannuwan kaɗa huɗu ko falanel huɗu, da hula biyu, da safa, da ƙyallaye masu laushi kamar goma na ƙunzugu. A wanke su da sabulu, a ɗauraye sosai, a shanya a rana, a ninke a sa a leda mai tsabta, a ɗaure a rataye inda kowa a gidan ya sani. In tafiya matanite ta taso da dare, leda ɗaya za a sunkuta. Kayan gwanjo ba laifi, in an wanke su haka. Ku guji riga mai ƙyalƙyali, da mai igiya a wuya, da mai ƙananan maɓallai da ke iya tsinkewa. Matan unguwa ko na zumunta da suka iya saƙa da ƙoshiya, ƴar hula aikin yini ɗaya ce, kuma babu kyautar da ta fi ta amfani ga mai haihuwar da ta zo hannu wofi.

Sa'ar haihuwa

Wurin haihuwa mafi kyau shi ne asibiti ko gidan likita. Amma ko a ina ta zo, aikin ɗaya ne. A rufe taga kada iska ta ratsa, a kashe fanka. Da yaro ya faɗo, a karɓe shi a zane na farko, a goge shi da kyau tun daga kai har ƙafa. Gugar nan tana kuma taimaka masa ya ja numfashi. Farin maiƙon da ke jikinsa ba ƙazanta ba ne, yana kare fata, kada a kankare shi. Sai a ajiye jiƙaƙƙen zanen gefe. Nan ne mutane ke kuskure, su bar yaro a cikin zanen da aka goge shi da shi, alhali jiƙaƙƙen zane sanyi yake ƙarawa. A ɗora shi a ƙirjin uwarsa, fata da fata, a sa masa hula, a lulluɓe su duka biyu da busasshen zane na biyu. Ya zauna haka aƙalla sa'a guda, a sa shi a nono a cikin wannan sa'a. Mabiyiya za ta faɗo yana nan a ƙirji, ba ya hana ta.

Wanka ya jira sa'a 24. Mun san kakanni ba sa son jin wannan, sukan ce yaron zai tashi da ƙarni. Ba zai tashi da shi ba. In an rasa yadda za a yi saboda matsin mutanen gida, to, kada a yi kafin sa'a 6, kuma kada a yi da asuba ko da dare. A yi da rana a cikin ɗaki, da ruwa mai ɗumi wanda kika gwada da gwiwar hannunki, a gama da sauri a goge shi. Tafasasshen ruwan wankan jego ba na jariri ba ne.

Cibiya kuma a bar ta a sarari. A naɗe ƙunzugu ko famfas a ƙasa da ita, kada a ɗaure ta da tsumma, kada a sa mata komai sai maganin da ma'aikatan lafiya suka ba ku.

Bargon da ya fi kowane

A shekarar 1978, a wani babban asibitin haihuwa na birnin Bogota a ƙasar Kolombiya, kwalaben ɗumama jarirai sun yi kaɗan, ana haɗa bakwaini biyu ko uku a kwalba ɗaya. Wani likita mai suna Edgar Rey Sanabria ya fara sa uwaye su ɗaure ƙananan jariransu a ƙirji, tsirara sai hula da ƙunzugu, dare da rana. Yara suka yi ɗumi, suka sha nono, suka yi nauyi. Aka sa wa dabarar sunan kangaru, wata dabbar Ostareliya mai renon ɗanta a aljihun cikinta. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara yi wa kowane bakwaini da kowane ƙaramin jariri haka tun daga haihuwa, sa'a 8 zuwa 24 a yini.

Ke da kika iya goyo tun kina yarinya, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinki, goyo ne aka mayar gaba. Ki sa shi a miƙe tsakanin nonuwanki, cikinsa a jikinki, ƙafafu a buɗe kamar kwaɗo, kansa a juye gefe ɗaya, haɓa a ɗan ɗage don numfashi. Ki ɗaure da zane, bakin zanen ya tsaya daidai ƙasan kunnensa, ki ƙara majanyi, ki sa babbar riga a kai. In za ki kwanta, ki jingina da matashi kada ki kwanta shamal. In za ki kewaya ko za ki yi wanka, kaka ta karɓa a nata ƙirjin. Kai uba ma kana iya karɓa, ɗumin ƙirjinka daidai yake da nata, kuma ba abin kunya ba ne a cikin ɗakinka.

Wanki da shanya

Jiƙaƙƙen ƙunzugu a canza shi nan da nan. Famfas yana ɓoye fitsari, uwa ta ga kamar a bushe yake, saboda tsada kuma a bar shi tun safe har yamma, sai gindin yaro ya saluɓe. In kuɗin saye a kai a kai ba zai samu ba, ƙyallen kaɗa da ake wankewa ya fi. A shanya kayan jariri a igiya cikin rana, kada a baza su a ƙasa ko a kan dangar dabbobi. Akwai wani ƙuda mai yin ƙwai a ƙasa mai warin fitsari da kan tufa mai danshi, tsutsarsa ta shiga fata ta zama kamar maruru. Guga da dutsen guga mai zafi tana kashe ƙwan. Ku kakkaɓe kowace tufa kafin ku sa masa, saboda kunama da cinnaka.

Yadda za ki san ɗuminsa ya yi daidai

Ba sai kina da ma'aunin zafi ba. Ki taɓa cikinsa da bayan hannunki, sa'an nan ki taɓa tafin ƙafarsa. In duka biyu da ɗumi, lafiya lau. In ciki da ɗumi amma ƙafa da sanyi, ya fara jin sanyi: ki cire duk abin da ya jiƙe, ki sa shi a ƙirjinki da hula, ki ba shi nono, ki sāke taɓawa bayan sa'a guda. In ciki da ƙafa duk sun yi sanyi, ko ya ƙi ɗumi bayan sa'ar nan, ku kawo shi ba jira. In akwai ma'auni, daidai shi ne daga 36,5 zuwa 37,5.

Haka kuma ku kawo shi, ko dare ne, in ya ƙi nono, ko ya yi laushi ba ya motsi sai an taɓa shi, ko yana numfashi da sauri ƙirji yana lotsawa, ko yana fizge-fizge, ko jikinsa da zafi bayan an rage masa kaya, ko idonsa da tafin hannunsa sun yi ɗorawa, ko cibiya ta yi ja tana wari. A jariri sabon haihuwa, sanyin jiki yana iya zama alamar cuta mai tsanani a cikin jini, daidai da zazzaɓi.

A hanya kada ku riƙo shi a hannu cikin bargo, domin iskar kabu-kabu ko ta amalanke tana ratsa bargo ta kwashe ɗan ɗumin da ya rage masa. A ɗaure shi a ƙirjin uwa a cikin rigarta, da hularsa, a yafa mayafi a kansu ba tare da an toshe masa hanci ba. In uwar ba ta iya tafiya, wanda zai kawo shi ya sa shi a nasa ƙirjin. In hanyar da nisa, a tsaya a ba shi nono, a kuma riƙo busasshen ƙunzugu biyu na canji da katin awon ciki.